Tun Ran Gini Ran Zane: Makomar Mai Keke a Mahaɗar Hanyoyin Kafanchan

Kafanchan gari ne da mahaɗa ta haifa. Zuwa shekarar 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya iso ƙasar Fantswam, inda ya rabu biyu: reshe ɗaya ya miƙe zuwa Kaduna, ɗayan ya haura tudun Jos. Daga wannan reshe na biyu ne aka ja layi a Kuru zuwa Bauchi da Gombe, har ya dangana da Maiduguri a 1964. Tasha ta jawo ma'aikata, ma'aikata suka jawo kasuwa, kuma a farkon shekarun 1930 fadar Sarkin Jama'a ta baro tsohon mazauninta ta dawo kusa da tashar.

Mutanen reluwe na wancan zamani suna da abu ɗaya da ba sa wasa da shi. Sun san jirgi bai cika samun matsala a miƙaƙƙen layi ba, a mahaɗa ake fargaba. Shi ya sa suka tanadi sigina da mai tuta da mai canza layi, kowane jirgi da lokacin shigarsa. Yau jirgi ya yi ƙaranci a wannan layi, kuma aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a watan Maris na 2021 bai dawo wa garin da zirga-zirgar da ya saba ba. Kaya da fasinja sun koma kan kwalta. Tirela da tanka da tifa su ne jiragen yanzu, kuma mahaɗar da ake fargaba ta tashi daga tasha ta koma bakin gari, inda hanyar Kagoro da ta Kwoi da ta Gidan Waya suke shigowa cikin unguwanni.

A irin waɗannan wurare ne mai keke yake gamuwa da babbar mota ba tare da sigina ko mai tuta ba. Ko zai tsallaka lafiya ko ba zai tsallaka ba, mafi yawan hukuncin an riga an yanke shi tun kafin a zuba kwalta, a kan takardar zane da ta bi ta teburan ma'aikatu a Abuja da Kaduna.

Keken da ya rasa sunansa

Akwai lokacin da keke yake alamar mutum ya kama ƙasa a Kudancin Kaduna. Malamin makaranta da ma'aikacin reluwe da malamin asibiti da mai wa'azi duk da shi suke kewaya ƙauyuka, kuma keken Raleigh, wanda har aka riƙa haɗa shi a Kano, kadara ce da ake bar wa magada. Babur ya zo ya ture shi daga wannan matsayi. Daga baya, a farkon shekarun 2000, shirin yaƙi da talauci na NAPEP ya yaɗa babur mai ƙafa uku, aka laƙaba masa Keke Napep. Yanzu idan aka ce keke a tasha ko a taron jami'ai, hankalin kowa kan mai ƙafa uku yake tafiya. Mai ƙafa biyun sai an yi masa ƙarin bayani kafin a gane shi ake nufi.

Sai dai keken bai taɓa barin hanya ba, idon masu tsara hanya ne ya bar shi. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani, shi ake komawa. A ƙarshen Satumban 2021, da gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta hawa babur na watanni uku saboda matsalar tsaro, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A shekarar 2023 ɗin ce kuma cutar ruɓewar citta ta afka wa gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, ta karya jarin manoman da citta ce bankinsu. Magidancin da kuɗin acaba ya fi ƙarfinsa ba zai daina zuwa gona ko kasuwa ba, ɗansa ma ba zai daina zuwa makaranta ba.

Masu hawa keke a wannan yanki ba 'yan motsa jiki ba ne masu hular kwano da rigar tsere. Manomi ne da buhun masara a kariya, mai sayar da itace ko gawayi, mai gadi da ya tashi aikin dare, ɗalibin sakandare da ya goyo ƙaninsa. Yawancinsu daga ƙauyukan kewaye suke shigowa, daga wajen Madakiya da Matsirga da Kagoro da sauransu, don haka dole ne su ratsa mahaɗar bakin gari sau biyu a rana. Dalilan shigowar kuwa ƙaruwa suke yi. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin koyon aikin jinya a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da asibitin tunawa da Patrick Yakowa Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ta kuma kafa jami'ar tarayya a Kachia.

Inda gefen titi yake ɓacewa

Hanyar tarayya mai hannu biyu, bisa ma'aunin da aka saba gani a kwangiloli, faɗinta mita 7.3 ne, da gefe na mita 2.75 a kowane ɓangare. Wannan gefe shi ne titin mai keke, ko da ba don shi aka yi ba. Muddin hanya a miƙe take a cikin daji, kuma gefen bai zaizaye ba, mota tana wucewa a nata layin, keke yana tafiya a nasa.

Matsalar tana farawa ne da an doshi mahaɗa. A nan gefen yake ɓacewa. Wani lokaci injiniya ne ya cinye shi don ya ƙara layin masu shan kwana. Wani lokaci motocin haya da masu Keke Napep ne suka mayar da shi tasha, masu doya da lemo da gasasshiyar masara suka baje a abin da ya rage. Idan gyaran ya zo da lambatun kankare buɗaɗɗe, kamar yadda aka fi yi a garuruwan ƙasar nan, sai mai keke ya samu kansa tsakanin tayar tirela a hagu da rami a dama. A yankin da ruwan sama yake sauka tun daga Afrilu har Oktoba, yashi da tsakuwa kuma a daidai wannan gefen suke taruwa, inda siririyar taya take zamewa.

Tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Najeriya, saboda haka mai keke a ƙarshen dama yake tafiya. Haɗarinsa na farko shi ne motar da ta wuce shi sannan ta sha kwanar dama ta gabansa, alhali shi miƙewa zai yi. Idan tirela ce abin ya fi muni, domin direban yana zaune a hagu, can sama, kuma akwai fili mai yawa a gefen damansa da madubi ba ya nuna masa. Bugu da ƙari, tayoyin baya na doguwar mota ba sa bin sawun na gaba, suna matsowa cikin kwanar, su rufe ɗan filin da mai keke ya ɗauka nasa ne. Haɗari na biyu shi ne idan mai keken ne zai karya hagu: dole ya bar gefe, ya ratsa layin motocin da ke bayansa, ya tsaya a tsakiyar titi yana jiran masu tahowa daga gaba, da buhu a baya da hannu ɗaya a sama.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya lura da shi a nan shi ne, gyaran mahaɗa yana iya ƙara wannan haɗari maimakon ya rage shi. Tsohuwar mahaɗa mai ramuka tana tilasta wa kowa ya taka birki. Idan aka faɗaɗa ta, aka shimfiɗa sabuwar kwalta, aka buɗe kwanar sosai don babbar mota ta juya ba tare da rage gudu ba, to an ba ƙaramar mota damar shan kwanar da gudun da ta zo da shi daga daji. Tazarar da mai keke da mai tafiya a ƙasa za su tsallaka ta ƙaru, lokacin da suke da shi ya ragu.

Lissafin mita da daƙiƙa

Lissafin ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Mai keke da ke tafiyar kilomita 15 a awa yana cin kimanin mita 4, kuma idan daga tsaye ya tashi da kaya, bai kai haka ba. Tagwayen hanya mai layi huɗu ta haura mita 14 ko ba a haɗa da dakalin tsakiya ba. Ko da daƙiƙa biyar kacal tsallakawar ta ɗauke shi, motar da ya hango a nisan mita 100 ta riga ta iso.

Haka abin yake ta fuskar birki. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki, a kan busasshiyar kwalta, motar da ke gudun kilomita 30 tana tsayawa cikin kusan mita 13. Wadda ke gudun kilomita 50, wato iyakar gudun da dokar hanya ta amince da shi a cikin gari, tana buƙatar kusan mita 28. Ma'ana, a daidai wurin da mota ta farko ta tsaya cak, ta biyun ko fara rage gudu ba ta yi ba. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda motoci suke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa da masu keke.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don a rage wannan adadi da rabi, kuma Najeriya tana cikin masu wannan alkawari.

Wanda ba a ƙirga ba

Kowane zanen mahaɗa daga ƙidaya yake farawa. Ana aika ma'aikata su zauna a bakin hanya su ƙirga abin da ke wucewa, sannan a mayar da komai zuwa ma'auni ɗaya, wato kwatankwacin ƙaramar mota. A wannan ma'auni tirela tana tsayawa a madadin motoci da dama, keke kuwa bai kai mota guda ba. Idan fam ɗin ƙidayar ba shi da gurbin keke, ko kuma aka yi ƙidayar daga hantsi zuwa la'asar a ranar da ba ta kasuwa ba, to manomin da ya shigo da asuba ya koma da magariba bai wanzu ba a idon takarda.

Ta ɓangaren haɗurra ma haka ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, takan bayar da rahoton mutuwar mutum 5,000 da ɗoriya a shekara, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya game da Najeriya ya haura 30,000. Cikin abin da ke faɗawa a wannan giɓi akwai haɗarin keke. An buge mutum, jama'a sun taru, an ba da haƙuri, direba ya biya kuɗin ɗori da na gyaran taya, kowa ya kama gabansa. Magidanci ya yi wata uku a kwance a tsakiyar damina, gona ta lalace, amma babu fayil ɗin da ya san an yi.

Abuja ma tana da nata darasin. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki. Wata rana motar bas ta ture shi cikin lambatu. Labarin ya zama abin raha a ofisoshi da jaridu, aka manta da tambayar da ya kamata a yi: idan minista bai samu wurin bi ba a birnin da aka zana shi a kan takarda tun daga tushe, ina manomin Kagoro zai bi? Tun daga lokacin FRSC ta sha shirya gangamin hawan keke, ana kuma bikin Ranar Keke ta Duniya duk 3 ga Yuni tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta a 2018. Gangami yana jawo hankali na yini ɗaya, amma kankare ne yake zama shekara ashirin.

Abin da wasu suka yi

Ƙasar Holan, wadda ake buga misali da ita a yau, ba da hanyoyin keke aka halicce ta ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 ne suka mutu a titunanta, cikinsu har da yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, rikicin man fetur na 1973 ya ƙara matsa lamba, sannan aka fara sake zanen tituna, musamman wuraren da suka haɗu. Abin da suka gano shi ne, fenti kaɗai ba ya kare kowa. Dakali ne yake tilasta wa direba ya yi abin da allon gargaɗi yake roƙonsa.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, manyan tituna da dama suna da keɓaɓɓen layi na masu ƙafa biyu a gefe. Tamale, a arewacin Gana, inda Hausawan zango suke da yawa, an san ta da hanyoyin keke a gefen manyan titunanta. A cikin gida kuma Jihar Legas ta fitar da manufar sufurin da ba na inji ba a 2018. Waɗannan garuruwa ma, rana da ƙura da 'yan tireda duk suna da su.

Abin da mahaɗa take buƙata

Abu na farko shi ne a karya gudun mota kafin ta iso. Hanyar da ta fito daga daji tana buƙatar alamar da direba zai ji a jikin motarsa cewa ya shigo gari: ƙananan tuddai masu jijjiga, sannan faffaɗan tudun rage gudu da injiniya ya auna, mai fenti da haske, maimakon wanda matasan unguwa suke ginawa da dare bayan an buge wani.

Na biyu, kada gefen titi ya ɓace. Ya ci gaba har cikin mahaɗa ya fita, da dakali tsakaninsa da layin mota. Faɗinsa ya kai mita 2, domin keken da ya ɗauko buhu ko damin itace ya fi wanda littattafan Turai suka auna faɗi. Idan aka rufe lambatu da murfin kankare mai ƙarfi, rabin filin da ake nema ya samu ba tare da an rushe gidan kowa ba.

Na uku, a matse kwana. Ƙaramin tsibirin kankare a kowace kusurwa yana tilasta wa mota ta rage gudu kafin ta juya, yana kuma matsar da mashigar keke baya da kimanin mita 5, wato tsawon mota guda. Da haka direba yake fuskantar mai keke ta gilashin gaba maimakon ya neme shi a madubi. Don kada tirela ta maƙale, ana shimfiɗa wani ɗan tudu mai kaushi a bakin kwanar, wanda tayar babbar mota za ta iya hawa, ƙaramar mota kuwa ta guje shi.

Na huɗu, tsibiri a tsakiyar titi mai faɗin aƙalla mita 2, daidai tsawon keke, don a tsallaka hanya kashi biyu. Yana amfanar mai keke, yana amfanar tsohuwa mai tallan kunu da ɗan firamare.

Na biyar, inda fili ya ba da dama, shataletale mai layi ɗaya ya fi fitilar ba da hannu dacewa da garin da wuta ba ta tsayawa. Injiniyoyi sun ƙirga wurare 32 da motoci za su iya karo a mahaɗa mai hannu huɗu, a shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 ne. Sai dai ƙaton shataletale mai layi biyu ko uku, wanda mota take ratsawa kusan a miƙe, ya fi zama tarko ga mai keke. Girma a nan ba ci gaba ba ne.

Na ƙarshe shi ne haske. Yawancin kekunan yankin ba su da fitila, kuma da asuba da magariba suke tafiya, ga hazon hunturu. Fitilar sola guda huɗu da aka kafa daidai kan mashiga ta fi ashirin da aka jera a miƙaƙƙen titi don hoto.

Uzurin da za a kawo

Za a ce 'yan acaba za su mamaye layin, 'yan kasuwa su baje a kai. Wannan gaskiya ce idan aka yi zanen kamar babu su. Mahaɗa a ƙasar nan kasuwa ce kuma tasha ce, daga Samarun Kataf zuwa Gidan Waya. Zanen da ya ware wurin sauke fasinja da rumfunan saye da sayarwa 'yan mitoci kaɗan daga kusurwa shi ne zai iya tsare layin keke. Sauran aikin na hukumar KASTLEA ne da ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwa da masu unguwanni, kuma zai fi sauƙi idan an zauna da su tun kafin a kawo katafila.

Za a ce babu kuɗi. Dakali da tsibiri da murfin lambatu ƙaramin kaso ne idan aka kwatanta da kuɗin cike ƙasa da kwalta da kwalbati. Tsadar tana zuwa ne idan an gama aiki, ɗan kwangila ya kwashe kayansa, sannan a dawo a fasa abin da aka gina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a kuma ce keke alamar talauci ne, kamata ya yi a fitar da mutane daga kansa. Ko da an yarda da haka, mutumin da ke kansa yau yana da haƙƙin ya isa gida da ƙafafunsa biyu kafin arzikin ya zo.

Alƙalamin yana hannun wa?

Kafanchan ta ga ayyukan tituna a shekarun baya-bayan nan. Shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara a Kaduna a 2019 ya isa garin, a 2021 aka kafa wa birnin hukumar kula da shi, a watan Janairun 2022 kuma Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je ya buɗe sababbin tituna, ciki har da titin Katsina da na Fadar Sarki. Ayyukan cikin gari na jiha ne. Amma manyan hanyoyin da ke kawo tireloli, da babbar hanyar Akwanga zuwa Jos da ta ratsa Gwantu da Fadan Karshi, suna haɗa hannun hukumomi da yawa: Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da kwanturolanta na jiha, hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da aka kafa a 2002, hukumar hanyoyi ta jiha KADRA, da ƙananan hukumomi. A mahaɗa ne hanyar wannan take karo da ta wancan, kuma kusurwar da mai keke yake tsayawa ita ce ta fi saurin zama marainiya.

A nan aikin ya dawo teburin ma'aikacin tarayya. Ɗan kwangila abin da aka rubuta a takardar ƙididdigar aiki, wadda injiniyoyi suke kira BEME, shi yake ginawa, kuma shi ake biyan sa. Abin da bai shiga wannan takarda ba, ba zai fito a ƙasa ba, komai kyan jawabin ranar ƙaddamarwa. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗan aikin mai ba da shawara zai iya sa layi guda da ke buƙatar a ƙirga keke da masu tafiya a ƙasa, daga asuba zuwa isha, har da ranar kasuwa. Wanda ke duba zane zai iya tambaya ina gefen titi ya shiga a mita 100 na ƙarshe. Wanda ke shirya takardar neman amincewa zai iya neman a haɗa da rahoton binciken lafiyar hanya daga wanda ba shi ya yi zanen ba. Ƙasashen duniya sun riga sun amince cewa zuwa 2030 kowace sabuwar hanya ta cika ma'aunin tsaro ga dukkan masu amfani da ita, don haka mai tambayar yana da madogara.

Hadiman 'yan majalisa ma suna da tasu ƙofar. Naira biliyan 100 aka saba warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu, kuma fitilun sola suna cikin abubuwan da aka fi saye da kuɗin. Hadimin da ke tsara jerin ayyukan mazaɓar Jama'a da Sanga, ko ta Kaura, ko ta Zangon Kataf da Jaba, ko ta Kachia da Kagarko, zai iya ba maigidansa shawarar a tattara fitilun a mahaɗa ɗaya, a haɗa da tsibirin tsallakawa da murfin lambatu, bayan an nemi izinin hukumar da ke da hanyar. Aiki ne da ake gani da ido, kuma dubban masu zaɓe suna bi ta kansa kullum.

Da yawa daga ma'aikatan Abuja 'yan wannan yanki ne. Duk ƙarshen shekara suna bin hanyar Bwari da Jere da Kagarko da Kwoi zuwa gida, wasu don Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu, wasu don Sallah ko ɗaurin aure. Daga cikin mota, mai keken da ke lallaɓawa a bakin lambatu kamar cikas ne da ake yi wa oda. A ƙauye kuwa an san sunansa, kuma sau da yawa kawu ne ko ƙanin wanda ke riƙe da sitiyarin. Fayil ɗin mahaɗar da zai bi gobe yana iya kasancewa a kan teburin ɗan'uwansa a Sakatariyar Tarayya ko a Mabushi, ana jiran sa hannu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma muddin ba a sa hannun ba, akwai sauran damar ƙara masa mita biyu.